Waken da Malam Tanimu Ya Jefar

Wata Talata ce a tsakiyar damina, ina aji huɗu a firamaren unguwarmu ta Limancin Kona, na shiga aji rungume da gwangwanin madara da na shuka wake a ciki. Kwana goma ina rainonsa a ɗakin kakata, kuma na lura duk inda na juya shi, kafin la'asar ya karkata wuya wajen taga. Abin ya hana ni sukuni. Ko ina tatar ƙullun koko, ko ina jan ruwa a rijiya, tunaninsa nake yi. Kakata ta ce ikon Allah ne, na kuma yarda, amma ina son in san ta yaya. Shi ya sa na kai wa malaminmu, Malam Tanimu.

Bai bari na kai ƙarshen tambayar ba. Ya karɓi gwangwanin da yatsu biyu kamar ya ɗauki ƙazanta, ya ce, "Wannan zai fito a jarrabawa?" Ya cilla shi ta taga, ya sa ni durƙuso a kan tsakuwa har aka fita tara. 'Yan aji suka yi ta dariya, don shi ya fara.

Haka yake koyarwa: alewa a aljihu, dorina a hannu. Wanda ya cinye gwaji ya zauna a bencin gaba, wanda ya faɗi ya koma can baya inda rufi ke yoyo. Maganarsa kullum ita ce, "Jaki sai da duka." Mun haddace sassan tsiro tas, ba a taɓa kawo mana ko ganye ɗaya mun riƙe ba. Ni kuwa tsoro ya koya mini dabara. Na daina tambaya, na daina fita 'yar gala-gala da yamma, na duƙufa hadda. Ƙarshen shekara na zo ta ɗaya, babana ya yi ta sa wa Malam albarka. Ba wanda ya lura cewa tun daga lokacin, duk littafin da ba za a tambaye ni a kansa ba, ba na buɗe shi.

Kwanakin baya na ci karo da shi a Ƙofar Jatau, ya tsufa, yana zaune kan dakali da abokan hira. Ya nuna ni da sanda yana gaya musu shi ya yi ni, wai ba don dukansa ba da ban zama ma'aikaciyar gwamnati ba. Na russuna na gaishe shi kamar yadda aka hore ni, amma haƙorana a cije suke har na bar wurin.

Yau takardun shaidata sun cika durowa, amma ko jarida sai dole nake dubawa. A da kuwa ba mai aike na neman sani, ni nake tashi da kaina. Waccan yarinyar mai gwangwanin wake nake kewa, kuma har yau ban yafe wa Malam Tanimu ba.