Ƙwaryar Gwaggo da Abin da Ke Cikin Ruwa

Ko kiran sallar asuba ba a gama ba muka bar Maradi, ni da wata abokiyar aikina da muke koyar da kimiyya a lakwal ɗaya. Na rungume akwatin mikroskop, na'urar ganin ƙananan halittu, a cinya. Direba ya so ya ɗaure shi a sama tare da buhunan albasa, na ce sai dai ya ɗaure ni tare da shi. Abin da ya tayar da ni shi ne jikokin gwaggona da ke wani ƙauye kusa da Bader Goula. Duk ƙarshen damina sai zawo ya kwantar da su, bana har ƙaramar ta kusa tafiya. Ruwan tabki suke sha, na kuma gaji da yin wa'azi ta waya.

Hanya ba laifi, ban da shingen jandarma da awakin da suka ɗauki gudron, wato kwalta, gadon ubansu. Gero ya nuna dama da hagu, amma muna yin arewa gonaki suna raguwa, shanu suna ƙaruwa. A tashar Dakoro muka karya da fura da nono mai kauri, na sayi cuku. Ya yi tsada bana, mai sayarwa kuma ko dala ba ta rage mini ba. Daga nan sai moto, wato babur, cikin rairayi, abokiyar tafiyata tana salati a kowace kwana.

Muna isa Gwaggo ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a ƙwaryar da ta zana da hannunta, don zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi shi ne sana'arta. Kowa ya san ruwan baƙo ba a mayar da shi. Na karɓa, na duba, na ajiye.

"Mi kika gani ga ruwana?" in ji ta. "Shi uwarki ta sha ta girma. Ko boko ya hana ki shan ruwan gidanmu?"

Maganar ta soke ni, wallahi. Amma ban yi wannan tafiya don in koma da kunya ba. Na buɗe akwati, na ɗiga ɗigo ɗaya daga ƙwaryar a kan gilashi, na juya madubin ya kama hasken rana. Matan unguwa suka taru. Wata ta leƙa ta ga ƙananan ƙwari suna motsi, ta ja da baya tana a'uziyya, wata ta ce ni na zuba abin a cikin na'urar tun daga Maradi. Sai na ce ta ɗebo ruwa da kanta, ta ɗiga da kanta. Ta yi, ta leƙa, ta sake ganinsu suna motsi.

Gwaggo ce ta ƙarshe. Ta daɗe ido ɗaya a rufe, ba ta tsorata ba ko kaɗan. Kallon mai zane take musu. "Wannan mai ƙaho biyu, dubi yadda yake tsalle. Wancan kuma kamar ƙwayar guna da gashi." Na gaya mata gaskiya, cewa masu kawo zawon sun fi waɗannan ƙanƙanta, ba ma ganinsu da wannan na'ura, amma gida ɗaya suke zaune, kuma tafasa tana kashe su duka. Ta ce itace fa? Na ce ko na yara kaɗai a dinga tafasawa. Ta tashi ta shige ɗaki, na kwana da baƙin ciki.

Da safe warin ƙonar ƙwarya ya tashe ni. Gwaggo tana bakin murhu da ƙarfenta, ta kewaye wata babbar ƙwarya da mai ƙaho biyu da ɗan'uwansa mai gashi, sun fito sak. Ta tara jikoki ta ce duk ruwan da ke cikin ƙwarya mai ƙwari ɗanye ne, wanda ya sha zai gamu da ita. Kafin hantsi maƙwabta biyu sun ce a zana musu irinta.

Da za mu tafi ta miƙo mini ruwa a ƙwaryar jiya. Da ɗumi, yana warin hayaƙi, ba daɗi ko kaɗan. Na shanye tas, har na kife ƙwaryar.

Mun iso Maradi da la'asar, jiki duk ciwo. A hanya na yi ta tunanin shekarun da na yi ina zana waɗannan halittu a allo, yara suna kwafa suna mantawa. Na'urata ta nuna abin sau ɗaya ta koma akwati, ƙwaryar Gwaggo kuwa tana tsakar gida kullum. Da na kira in ce mun sauka lafiya, ƙaramar ce ta ɗauki wayar. Ta ce ruwan kaka ba daɗi, amma shi take sha.