Na'am ɗin ƙanwata

Ni fa da na ji ƙanshin man shanu a wuta, abinci ya fita raina ke nan. Yi dariyarka. Shi kakarmu ke narkawa a cokali ta ɗiga wa ƙanwata a kunnen hagu, wanda ke ruwa duk damina. 'Yar baffana ce, wata uku na ba ta, gida ɗaya muka tashi a wani ƙauye bayan Sandamu.

Da muka gama aji shida, baffa ya ce mutum ɗaya zai iya kaiwa makarantar Daura. Shi bai yi boko ba, sai ya kai mu gun hedimasta: "Malam, duba mini mai riƙo a cikinsu."

Gwajin ba wuya. Malam ya faɗi abu goma, ka maimaita. Ranar kuwa ruwa ake a kan kwanon ofis kamar ana watsa tsakuwa. Da ni aka fara, na kawo bakwai, ina hura hanci. Sai ita. Malam ya tsaya ta hagunta, ya jero nasa, ya ce, "Kin riƙe?"

Ta ce, "Na'am?"

Ka san na'am biyu ce: akwai ta "na ji", akwai ta "me ka ce". Ƙarar ruwa ta cinye ƙarshen tata, malam ya ɗauka ta farkon ce. "To, bismilla." Ta yi tsuru tana kallon bakinsa. Ko ɗaya ba ta kawo ba.

Ni na san wacce ta yi. Kullum ta damanta nake zagayawa in zan raɗa mata gulma. Amma me ya fito daga bakina? "Malam, kan nan rariya ne!" Har baffa ya murmusa.

Aka kai ni Daura. Aji biyu na yi na tsere, ga ni yau bisa acaɓa a hanyar Mai'aduwa. Ita ɗinki take. Mata su cika ɗaki da atamfa, ba ta rubuta awon kowa, kuma ba ta taɓa haɗa na wata da na wata ba.

Baffa da hedimasta duk sun rasu. Yanzu a makarantar 'yar ƙanwata, an ce malama kan fara dawo da yaro bencin gaba kafin ta kira shi daƙiƙi.

Rannan na zauna gefenta tana taka keke, na ce, "Ranar gwajin nan fa, na san ba ki ji ba." Ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai na lura ashe ta hagunta na zauna. Wallahi har yau ban tashi na zagaya ba.