Na'urar Da Ta Yi Ƙirga A Ƙofar Kasuwa

A shekarun da ake ta da bama-bamai, ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Yola. An aiko mana fayafayi uku, wai mu ɗora sabuwar manhajar tafiyar da na'ura kusa da tsohuwar, yara su koyi duka biyun. Ni da rawar kai na ce bari in fara gwadawa a tawa kwamfutar ta tafi-da-gidanka. Na zauna a gida a unguwar Makama, na sa faifai na ɗaya, na sa na biyu, sai abu ya cije. Tun daga nan, in na kunna sai allo ya yi baƙi ƙirin, layuka uku na farin rubutu su fito, lamba tana sauka a ƙasa daga goma zuwa sifili. Ta mutu, ta sake tashi, ta sake ƙirga. Haushi kamar in kwaɗa ta da ƙasa.

Washegari na sa ta a jaka na nufi wurin mai gyara a kasuwar Jimeta. Goggo, ƙanwar babana wadda ta goye ni, ta biyo ni za ta sayi atamfa.

A lokacin ba a shiga kasuwa sai an caje mutum, mace mai dogon hijabi da jaka kuwa kowa na kaffa-kaffa da ita. Wani ɗan banga mai bindigar toka ya leƙa jakata.

"Hajiya, kunna shi mu gani."

"Ta lalace ne, gyara zan kai."

"Kunna shi dai."

Na san abin da za ta nuna. Na ajiye ta a kan benci na danna. Baƙin allo. Goma. Tara. Takwas.

Wata mata a bayana ta ƙwala ihu, "Yana ƙirga!"

Ban taɓa ganin wuri ya watse haka ba. Tiren lemo ya kife, masu Keke Napep suka bar kekunansu. Ɗan bangan ya ja da baya ya saita ni da bindigar.

"Ɗaga hannu! In ka taɓa shi zan harbe ka!"

Na ɗaga. Tsoro ya kama ni. Ina kalmar shahada, idona a kan lambar, har ni ma na fara zargin ko wani abin zai faru. Uku, biyu, ɗaya. Allon ya mutu. Sai ga shi ya dawo da goma.

Sau uku ta kai sifili muna tsaye a rana. A na huɗu wani dattijo cikin 'yan bangan ya matso, ya ce in kashe ta da hannu ɗaya. Yatsana ya kuskure, maimakon makunni ya sauka kan maɓallin kibiya. Ƙirgan ya tsaya cak. Ashe layi na ƙasa tsohuwar manhajata ce, tana nan lafiya lau, ni ce ban taɓa gangarawa kanta ba. Na gangara kanta na danna. Jim kaɗan hoton 'yata ya cika allon, tana dariya da giɓinta. Dattijon ya sauke numfashi, ya yi min faɗa sosai, sannan ya ce in wuce.

Na waiga neman Goggo, babu ita. Silifas ɗinta ɗaya ne kawai a gefen bencin. Na ɗauka na sa a jaka.

Mai gyara ya ce faifai na biyu ne ya karce, shi ya sa sabuwar ta hau rabi. Ya sake ɗorawa, ya cire ƙirgan don na roƙe shi.

Da la'asar na biya gidan Goggo, na miƙa mata takalmin. Ta karɓa ba ta dube ni ba.

"Wallahi 'yata, na san ke ce," ta ce. "Ƙafata ce ba ta sani ba."

Na ce ba komai, kuma da gaske ban riƙe ta ba, da ni ce ma gudu zan yi. Amma ita ba ta yafe wa kanta ba. Yanzu gari ya lafa, an daina caje jaka, Goggo ta tsufa. Har yau in za mu tsallaka titi sai ta damƙe hannuna, ta ƙi saki ko mun kai bakin hanya.