Wietske Hoekstra, Shaidar da Aka Jira Ta Mutu

Ranar Talata, 4 ga Maris, Sjoerd ya bugo mini waya daga garin Leeuwarden ya ce matarsa Wietske ta cika. Ciwon daji ne ya ɗauke ta, tana da shekara sittin da uku.

Wietske, shekara ashirin muka yi tare a ɗakin harhaɗa magunguna na asibiti. Kowa ya san halinki. Ranar da wata nas ta danna goma a maimakon ɗaya a na'urar da ke tura magani cikin jijiya, har wani tsoho ya kusa tafiya, manya suka tashi korar ta. Kika zaunar da ita, kika zuba mata kofi, kika ce da su, "Keken jikata ma yana da birki. Ku kori na'urar."

Daga nan kika tsara birkin: idan adadin magani ya wuce kima, na'ura ta ƙi tafiya. Kika bayyana shi a taron masu sana'armu a birnin Utrecht, kyauta. Na ce ki yi masa rajista da sunanki. Kika ce, "Douwe, sarkin rowa, kai ko gaisuwa sai ka sa mata kuɗi."

Bayan shekara biyu wani kamfani ya yi wa birkin rajista a matsayin ƙirƙirarsa. Duk wanda ya sa irinsa a na'ura mai araha, sai sammaci. Har yau akwai gidajen kula da tsofaffi da ke aiki da na'ura marar birki, domin mai birkin ta fi ƙarfin aljihunsu.

Dokar ba ta da wuyar fahimta: abin da aka riga aka faɗa a bainar jama'a ba ya zama mallakar kowa. Da aka kai ƙarar kamfanin wata kotu a birnin Hague, shaidarki kawai take jira. Lauyoyin kamfanin, mutane masu ladabi da takalma masu ƙyalli, suka ji labarin ciwonki. Suka nemi a ɗaga zama, aka ɗaga. Suka sake nema. Na karanta littattafai da dama a kan mugunta, ban taɓa cin karo da wadda ke tambayar lafiyar mutum da fara'a irin tasu ba.

Zuwana na ƙarshe duba ki, kika ce, "Sun fi likitana sanin kwanakina."

Lauyoyin sun aiko da furanni wurin jana'iza. Sjoerd ya ce a bar su a bakin ƙofa, ruwan sama ya ji da su.

To, ku saurara, lauyoyin kamfani, ranku ya daɗe. Ba ita kaɗai ce a zauren taron Utrecht ba. Ina layin gaba, kuma jiya na ba kotu sunana. Likitana ya ce zuciyata kamar ta doki take. Ku yi ta ɗagawa.

Allah ya jiƙanki, Wietske, ya kai haske makwancinki. Ya ba Sjoerd da 'ya'yanku, Tjalling da Aukje, haƙurin wannan rashi. Masu jira kuwa, Allah ya ba su daidai abin da suka jira wa wani.