Ƙwallayen kanya a tsakar gidanmu

Bana shekara goma sha uku ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa, amma har yau idan na shiga gidanmu na Rigachikun da safe, ƙasa nake fara dubawa kafin in gaisa da kowa. A wurinsa na ɗauko wannan hali.

A tsakar gidan akwai wata kanya da ta girme mu duka. Gefen wani tsohon suri ta fito, kamar yadda kanya ta saba, kuma ko rani ya kai inda ya kai, ganyenta shar yake. Laifinta ɗaya, ba ta taɓa yin 'ya'ya ba. Inna ta sha cewa a sare juyar nan a huta. Yaya Habu, da yake aikin lambu yake yi a gidajen Unguwar Rimi, sai ya yi dariya ya ce, "Inna, ai namiji ne. Matarsa tana can bakin maƙabarta." Mun ɗauka zolaya ce irin tasa. Ashe haka Allah ya yi kanya: wata fure kawai take yi, ƙudan zuma su kwashi garinsa su kai wa mai haihuwa.

Abin da yake tayar mini da tsigar jiki tun ina yaro shi ne, duk lokacin sanyi sai mu wayi gari mu tarar da ƙwallayen kanya zube a gindin bishiyar da ba ta haihuwa. Aikin jemagu ne. Su sha 'ya'yan ta maƙabarta, su zo tamu su rataye, su zubar da ƙwallon. Yaya ba ya yarda tsintsiya ta taɓa su. Da hannu yake tsincewa, yana cewa mutanen can ne suka aiko da gaisuwa, Inna tana ta a'uziyya.

Bayan rasuwarsa aka zagaye maƙabartar da katanga, aka sare waccan kanyar don ta tare hanyar gini. Gaisuwa ta yanke. Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga garin nan yau, bulo ya cinye gonaki, tsuntsu ya rasa wurin sauka. Na san dai ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, kuma shirunsa ya fi faɗa ciwo.

Gidan yanzu yana hannun ɗansa Nura, kuma yana so ya fitar da shaguna a inda bishiyar take. "Baffa, inuwa kawai take ba mu, ni kuwa iyali gare ni," in ji shi. Ban ga laifinsa ba, amma raina ya ɓaci. Aka tsayar da Asabar mai zuwa mai zarto zai zo.

Makon jiya na shiga gidan, na duba ƙasa kamar kullum. Ƙwallaye ne, sababbi, da danshinsu. A iya sanina babu sauran macen kanya a yankin nan.

Bayan la'asar na tafi maƙabarta. Daidai kan kabarin Yaya na tarar da wata 'yar kanya da ta ɗan fi ni tsawo, rassanta ɗauke da 'ya'ya nunannu. Mai gadin wurin ya rantse babu wanda ya shuka ta. Hankali ya ce jemage ne ya yar da ƙwallo tun kafin a sare uwarta. Na yarda. Amma na san inda saiwarta ta nufa, kuma na san gidan da 'ya'yanta suke zuwa. Na yi masa addu'a.

Da na koma na zuba wa Nura ƙwallayen a tafin hannu. Ya ce, "Daga ina, Baffa?" Na ce, "Daga wurin babanka." Ya daɗe yana kallonsu.

Yaya Habu bai bar dukiya ba, hotonsa ma guda ɗaya ne, ya dushe. Allah ya jiƙansa. Ban san abin da Asabar za ta zo da shi ba. Amma yau da safe na tarar da tsintsiya jingine da bango, Nura tsugune a gindin kanyar yana tsincewa da hannu.