Rigar Baba a Tukunyar Baba

A shekarar da ta biyo bayan tawayen Musulmi, ɗakinmu na unguwar Barrokinya, a ƙasar Turawan da aka kawo mutanenmu bauta, ya koyi magana ƙasa-ƙasa. Farar riga, irin wadda masu tawayen suka sa, ta zama shaida a kan mai ita, kamar takarda mai rubutun allo. An kama mahaifina, aka ce za a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙetaren teku, ƙasarmu ta asali. Ni kuwa, ina 'yar shekara goma, na rantse ba zai tafi ba sai da farar rigar da nake yi wa ado a wuya.

Kakata, Iya Hajo, mai rina zare ce. Bayan magariba takan zauna gaban murhu ta yi mini tatsuniya. Ran nan ban ko ɗago kai ba, allura kawai nake sokawa.

"Ke uwar gaggawa, yatsun nan aro kika yi?" in ji ta. "Ga ta nan, amma matso, ba ta son a ɗaga murya."

Ta ce wata masaƙiya ce ta yi alwashin gama zane kafin wata ya tsaya. Ba ci, ba hira, sai ƙwas-ƙwas ɗin masaƙa. Kura ta zo ta kwanta a bayan danga, kullum tana matsowa taku ɗaya, ƙarar saƙa na rufe takunta. Ƙanwar matar kuwa takan saƙa taƙi guda ta ajiye, ta saurari gari.

"Wacce aka cinye, Iya?"

"Ajiye allurar ki ji."

Na ajiye don haushi. Wuta ta yi ƙas sau ɗaya. Sai na ji numfashi a tsagar katakon da ya raba mu da Benta, maƙwabciyarmu mai suyar ƙosai, wadda kwanan nan take yawan tambayar me nake ɗinkawa.

Iya ba ta waiwaya ba. Ta ci gaba da tatsuniyar da ƙarfi, har da dariya, hannunta kuma ya zare rigar daga cinyata ya nutsa ta cikin tukunyar baba. Na cije leɓe don kada in yi kuka.

Da safe sojoji suka zo. Suka birkice tabarma da tulu, suka wuce shuɗiyar riga tana ɗiga a igiya.

"Bar ta ta sha iska," Iya ta ce da suka fita. "Baba ba ya kama sai an bar shi ya huta."

Kwana tara na yi ina ƙarasa adon, kaɗan-kaɗan. Da shuɗiyar rigar mahaifina ya hau jirgi.

Har yau ban san ko Benta ce ta kai ƙararmu ba. Ta ci gaba da aiko mana da ƙosai, muna ci muna kallon juna. Yanzu da na girma, baitocin waƙa nake tsarawa. In sun fara zubowa har na daina jin komai sai su, nakan ajiye alƙalami in saurari bango. Sau da yawa ba kowa. Amma baitin da na dawo na tarar ya fi wanda na bari duhun launi, kamar rinin da ya sha iska.