Madam Rakiya da Duwatsun Kunnen Kifi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ƙanen Madam Rakiya ya kira ni daga Korgom, ya ce Allah ya yi mata rasuwa, har an kai ta.

Ban ma san tana kwance ba. Na tambayi ƴan ajinmu, babu wanda ya sani.

Ita ta koya mana kimiyya a lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. In ta ga ɗalibi ya yi shiru da yawa, takan aike shi sayen ƙosai, ta ce ya cinye a hanya.

Wata rana ta zo aji da wani tsohon tandu. Ta ce kakan kakanta ya haƙo abin da ke ciki a ƙasan rijiya, tun Turawa ba su iso ƙasar nan ba, danginsu suka adana shi a zaton magani ne. Ta zazzage mana ƴan tsakuwoyi farare a tafin hannu.

Ta ce kowane kifi yana da ɗan dutse a kunnensa cikin kai, kuma na tarwaɗa daban, na karfasa daban. Nama ya ruɓe, ƙaya ta ruɓe, dutsen ya saura. Da shi take gane irin kifayen da suka rayu nan lokacin da tudun gerommu yake ƙarƙashin ruwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Mayahi ce. Idonta ya yi rauni, da murya ta gane ni. Ta riƙe hannuna ta ce wa mai tallan nono, “Wannan ɗana ne. Ido rufe yake bambance duwatsun kunnen kifi.”

Shi ya sa ƙanenta ya nemi lambata. Ya ce tandun na nan, da wasu gwangwanaye cike da irin duwatsun, ba rubutu a jikinsu. Ya ce, “Yaya ta ce kai ka san sunayensu.”

Wallahi yau ko ɗaya ba zan iya faɗa ba. Na dai roƙe shi kada a zubar, gobe zan hau moto in je.

Ya Allah ka yi mata rahama, ka haskaka makwancinta, ka ba iyalinta haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Madam a addu'a.